Shekarar da Muka Yanke Ciyawar Cikin Waya

Shekara ashirin da huɗu na yi ina aiki ɗaya, kuma har na bar shi ban sami hanyar faɗarsa ba tare da mai tambaya ya yi murmushi ba. Ciyawa nake aunawa. In yanko ta da lauje, in shanya, in ɗora a sikeli, in rubuta nauyinta. Gobe ma haka.

Wurin yana bayan ƙauyenmu, tsakanin Ɗanbatta da Kunci. A takarda yana da dogon suna na Turanci, wai cibiyar binciken makiyaya da kiwon shanu, amma mutanenmu ba su taɓa wahalar da bakinsu ba. Cikin Waya suke ce masa, saboda wayar ƙaya da ta zagaye shi. A ƙasarmu, inda ba ka yin taku goma ba ka taka gonar wani ba, inda burtalin shanu ma an matse shi har sai dabbobi sun bi juna ɗaya bayan ɗaya, fili irin wannan da ba a nomawa yana tsone wa mutane ido. Akwai ofis mai ɗaki biyu, da rijiyar burtsatse, da rumfar shanya, da ɗan garken shanu na gwaji. An raba filin gida uku. Ɗaya shanun cibiyar ke kiwo a ciki, yau nan, jibi can. Ɗaya muna shuka ciyawa da waken dabbobi. Na ukun, wanda ya fi su girma, an kulle shi: ba kiwo, ba noma, ba saran itace. So ake a ga abin da ƙasa za ta fitar idan aka bar ta ta huta. Ni ne mai riƙe da makullinsa.

Gidanmu gidan malamai ne. Baba, Allah ya jiƙansa, yana ba da karatun littattafai a zaure bayan la'asar, Yayana kuma, wanda ya girme ni da shekara takwas, shi ya riƙe gandu. Da na sami aikin na je na gaya wa Baba abin da zan riƙa yi. Ya ɗago daga littafinsa ya ce, "Halal ne?" Na ce halal ne. Ya ce, "To, je ka." Yaya kuwa dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce yau ga wanda gwamnati ta ɗauka gadin ciyawa. Ba da mugunta ya faɗa ba. Shi ya ara mini kekensa na yi wata shida ina zuwa aiki a kai.

Shugabarmu mace ce daga birni. Dakta muke ce mata. Ba likitar mutane ba ce, karatun ciyawa da makiyaya ta yi har ta ƙure shi. Takan zo sau biyu a wata, ta ɗaure ɗamara a kan hijabinta, ta sa takalmin roba, mu shiga tare. Akwai turaku na ƙarfe da muka kakkafa a cikin kullallen filin, kowanne da lambarsa. A gindin kowane turke sai in ajiye wani ƙarfe mai kusurwa huɗu kamar bakin taga, mu tsuguna mu ƙirga irin ciyawar da ke cikinsa, mu gwada tsayinta, in yanki ɗan abin da za a auna. Turakun sun fi saba'in. Gwiwoyina tun daga nan suka fara ciwo.

Shekarun farko babu abin gani. Ƙarangiya ce da komayya, sai sabara da ta toho daga tsofaffin kututture. Nakan koma gida ƙafar wandona cike da ƙaya, matata ta zauna tana cirewa tana tsaki. A shekara ta huɗu kyasuwa ta rufe gefen gabas. Bayan nan gamba ta fara fitowa tsilli-tsilli, ba wanda ya shuka ta, har ta kai idan na shiga a ƙarshen damina ba a hango hulata daga waje. Tsofaffin itatuwan gawo da ke ciki, waɗanda a da ake datse wa rassa kowane rani, suka baje. Fakara ta dawo, zomaye suka dawo. Wata rana na ga damo kwance a kan suri, abin da rabona da shi tun ina yaro.

A wannan lokaci ne Baffa ya fara zuwa. Dattijo ne Bafulatani da ya zauna a gefen ƙauyenmu tun kafin a haife ni, garkensa ya yi ta raguwa har ya koma saniya bakwai. Yakan koro su ta burtali, ya tsaya a jikin waya, ya rataya hannuwansa a sandar da ya gicciya a kafaɗa, ya yi ta kallon ciki. Bai taɓa neman a bar shi ya shiga ba. Ɗan Malam yake kirana.

"Ɗan Malam, waccan mai jan kai da ke bayan kalgo, ka san ta?"

Na ce ban san sunanta ba, lamba muka ba ta.

"Lamba." Ya girgiza kai. "Da ita uwata ke yi mana jinka. Na ɗauka ta ƙare a duniya."

Da na ba Dakta labari, ta ce in roƙe shi ya shigo. Daga nan duk zuwanta sai ta aika a kira shi. Ta riƙa nuna ciyawa yana faɗar sunanta da Hausa da Fulatanci, da wacce ke kawo nono, da wacce ke kumbura cikin maraƙi, tana rubutawa. Shi kuma ya tambaye ta me ya sa ake ƙirga abin da Allah ya riga ya san adadinsa. Ta ce don waɗanda za su zo bayanmu su san abin da ƙasar nan ke iyawa. Ya ce to, Allah ya sa su tarar da shanun da za su ci.

A shekara ta goma sha uku da kulle filin, damina ta ɗauke da wuri. Wake bai yi ba, gyaɗa ta kakkaɓe ganye tun tana tsaye, harawar da mutane suka ɗora a kan rufin ɗakuna ba ta kai rabin ta kullum ba. Kafin sanyi ya wuce an cinye karan dawa. Mu a cibiya muna da ɗan abin da muka adana, Dakta ta sa aka ware na shanun gwaji, sauran aka raba wa maƙwabta. Bai yi mako uku ba. Sai bazara ta zo ta zauna. Hadari ya haɗu a gabas da yamma, ya yi baƙi, a ji ƙanshin ruwa, mata su kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi. An fita roƙon ruwa sau biyu. An datse kowane gawo da marke da ke waje har suka koma kamar hannun kuturu. Shanu suka koma bola suna cin leda.

Yaya yana da shanun noma biyu, farare, ɗaya mai baƙin wuya. Tun suna maruƙa ya rene su. Da su yake huɗar gandunmu da gonakin mutane, da su yake jan amalanken taki. Na ga ranar da ya kwance tsohon zanan bayan gidansa ya sassara ya zuba musu.

Wata ranar Talata da rana tsaka ina rumfar shanya sai na ji sallamarsa. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba sai ran nan. Na ba shi kujera, bai zauna ba. Igiya ce a hannunsa da lauje.

"Buɗe mini in yanki dami biyu," in ji shi. "Biyu kawai. Ta can ƙarshe, inda ba mai gani."

"Yaya, ba ni da iko."

"Makullin yana hannun wa?"

"Yana hannuna. Amma amana ce."

"Ni kuma mene ne a wurinka?"

Na ce ya ba ni zuwa yamma in kira Dakta. Ya dubi filin, ciyawa tsaye ta fi mutum tsayi, ta bushe ta yi ruwan zinariya, iska na kaɗa ta. Ya ce, "Kullum da safe idan na fito da su ta burtali, nan suke tsayawa su sa baki a waya. Sai na dake su suke wucewa. Ban taɓa dukansu ba sai bana." Ya naɗe igiyarsa ya tafi.

Na kira ta. Ta saurare ni har na gama. Ta ce ta san halin da ake ciki, amma in sani gambar da ta bushe a tsaye wata shida ba ta da sauran amfani a cikinta, kara ce kawai. Ta ce idan aka buɗe wa mutum ɗaya an buɗe wa gari, kuma aikin shekara goma sha uku ya tashi a kwana ɗaya. Ta ce ita ma akwai na sama da ita, za ta rubuta musu yau, in ba ta mako guda. Muryarta ba ta mai taurin zuciya ba ce, ta wadda ta gaji ce. Na je na gaya wa Yaya. Ya ce, "Mako guda. To."

A kwana na huɗu mai baƙin wuyan ya kwanta ya kasa tashi. Aka aiko mini da sassafe. Muka zura itace biyu ta ƙarƙashin cikinsa, mu shida muka ɗaga, ya tsaya ƙafafunsa na rawa, muka tallafe shi har rana ta yi sama. Washegari muka sake ɗagawa. A rana ta uku ko da muka ɗaga sai ƙafafun suka ƙi miƙewa, ya rataya a kan itacen kamar rigar da aka shanya. Yaya ya ce a sauke shi, a kira mahauci. Shi da kansa ya riƙe kan. Da aka feɗe babu kitsen da za a shafa wa tukunya, tumbinsa kuwa leda ce a dunƙule, ta kai girman ƙwarya. Ina tsaye a wurin da itacen ɗagawa a hannuna. Yaya bai dube ni ba.

Daga ranar, idan na gaishe shi yakan amsa, don shi ba mai barin sallama ta faɗi ƙasa ba ne, amma iyakarta ke nan. Sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, kafaɗa da kafaɗa, a idar ya ɗauki takalmansa.

Dakta ta zo a kwana na takwas. Na sama ba su ba ta amsa ba, ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Ta ce mini tun daga kwanar Ɗanbatta take ganin mutane suna ɗaga shanu da itace. Ta sa na je na gaya wa mai unguwa tana son ganin jama'a. Aka taru a gindin tsamiyar ƙofar gidansa bayan azahar, aka shimfiɗa mata tabarma a gefe. Ta yi bayanin abin da ake nema da filin, da Hausarta ta birni, a hankali. Mutane suka saurara, don ba a taɓa jin ta raina kowa ba. Da ta gama wani magidanci ya ce, "Hajiya, mun ji, Allah ya ƙara ilimi. Amma idan ruwa ya sauka, takardun naku ne za su ja mana garma?"

Ta murza bakin hijabinta. Sannan ta ce za a yanke kashi biyu cikin uku na kullallen filin. Da lauje, ba a shigar da dabba, ba a shiga da ashana. Kowane dami sai an ɗora shi a sikeli kafin ya fita, don ko ba komai a san abin da filin ya tara. Ta ce wannan hukuncinta ne, ita za ta amsa shi. Aka yi ta sa mata albarka.

Sai Baffa ya yi gyaran murya daga inda yake tsugune. Ya ce, "Ku yi mini haƙuri. Ciyawar nan ta mutu a tsaye, ba za ta riƙe saniya ba. Abin da zai taimake ku yana ƙasa, a gindin gawo."

Ba wanda ya tsaya jin ƙarshen maganarsa. Wani ya ce ai dama shi ɗan gidan Dakta ne, shi ake kira ana ba shi shayi. Aka tashi ana neman laujuna.

Kwana tara muka yi muna yanka. Zafin ranakun nan har yanzu idan na tuna sai in ji maƙogwarona ya bushe. Gamba mai shekaru tana da tushe kamar itace, lauje ya dakushe tun kafin hantsi, ganyenta ya tsattsaga hannu. Fakaru suna tashi ta gabanmu, zomaye na gudu ta tsakanin ƙafafu, matasa na binsu da sanda, ina ihu a bar su, ba mai ji na. An kashe macizai ban san adadinsu ba. Turakun ƙarfen da na kafa da hannuna, waɗanda na san kowanne kamar ɗakunan gidanmu, wasu aka tumɓuke don suna kama lauje, wasu aka tafi da su gida don ɗaure awaki. Dakta tana tsaye a bakin ƙofa wajen sikeli tun safe har la'asar, tana rubuta nauyin kowane dami. A rana ta uku na kai mata ruwa na tarar tana kallon inda turke na goma sha ɗaya yake a da, wurin da ciyawar jinkar uwar Baffa ta fi yawa. An share shi tas. Ta karɓi ruwan ta sha ta ce, "Na gaba."

Yaya ya zo a rana ta biyu. Ya yanki daminsa ya kawo, ni na ɗora masa a sikeli, ni na taya shi ɗauka a ka. Bai ce sannu ba, ni ma ban ce ba.

Abin da Dakta ta faɗa ranar da na kira ta, wanda Baffa ya maimaita a gindin tsamiya, shi ya faru. Shanu suka shinshina, suka tsinci ɗan ganyen da ke jiki, suka bar karan. Mutane suka koma sassara shi ƙanana, su yayyafa ruwan kanwa da gishiri, mai ɗan dusa ya barbaɗa, sannan dabba ta ɗan tauna. Ya cika ciki, bai hana rama ba. A rana ta shida wani da na taya ɗaurin dami ya dube ni ya ce, "Ashe wannan kuke tsaro shekara da shekaru?" Na ce ita ce.

Baffa bai taɓa lauje ba. Buhu ya shigo da shi, ya nemi izinin Dakta, ya wuce gindin gawo ya tsuguna. Itatuwan nan da ba a datse su ba tsawon shekaru sun zubar da 'ya'ya a ranin nan har ƙasa ba ta ganuwa, jajaye, a nannaɗe, ciyawa ta rufe su. Ya cika buhu ya kai wa shanunsa, ya dawo. Sai a rana ta huɗu mutane suka lura shanun Baffa sun fara tuƙa da ƙarfi, wadda ta kwanta ma ta tashi da kanta. Nan kowa ya yar da lauje ya nufi gawo, har aka fara ture juna. Dakta da mai unguwa suka tsayar da abin, aka ce a tara wuri ɗaya, da na kalgo da aka samu, a raba wa gidajen da ke da dabbar da ta kusa faɗuwa. Rabon bai yi yawa ba, don itatuwan tara ne kawai.

Na ɗauki na gidanmu a bayan keke na kai gidan Yaya. Ba ya nan, ko kuma yana ɗaki bai fito ba. Na zuba wa san da ya rage a cikin kwatarniya, ya sa baki yana ci har ina jin ƙarar haƙoransa. Matar Yaya ta leƙo ta ce, "Sannu, Malam. Allah ya bar zumunci." Na amsa na fita.

Ruwa ya sauka bayan kwana ashirin. Wanda bai yi kiwo ba zai ɗauka wahala ta ƙare ke nan, alhali a makon farko na sabuwar ciyawa ne raunanan ke faɗuwa, zawo ya kama su, sanyin ruwa ya ƙarasa su. Gidaje da yawa sun rasa dabbobi a wannan mako. Baffa duk da dabararsa ya rasa biyu. A kakar shekarar 'ya'yansa suka zo suka kora sauran zuwa kudu, suka bar shi da akuya uku. Bai ƙara tsayawa a jikin waya ba. Idan na je gaishe shi yakan tambaye ni ko mai jan kan nan ta sake fitowa, in ce ta fito kaɗan. Ya rasu bayan shekara biyu.

San Yaya ya rayu. Da lokacin huɗa ya yi, ya haɗa shi da na wani maƙwabcinmu wanda shi ma ɗaya ya rage masa, suka yi yarjejeniya kwana biyu nan, kwana biyu can. Na maƙwabcin gajere ne, karkiya ta karkace, ba su saba da tafiyar juna ba. Aikin mutum biyu ne, ɗaya ya ja, ɗaya ya riƙe garma, kuma babban ɗan Yaya yana makaranta a Kano. Ban tambaye shi ba. Na ɗauki hutun kwana biyu, na je gandu da asuba na kama garma. Ya dube ni, ya kama igiya, muka fara.

Kunyoyin da muka yi ran nan ba na nuna wa baƙo ba ne, duk sun karkace. Shanun kan yi layi uku su tsaya suna haki. Da rana ta take muka kwance su, muka zauna a inuwar ɗorawa, aka kawo mana fura. Ya sha ya miƙo mini. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Da ka buɗe mini ran nan, da mai baƙin wuyan ya rayu?"

Tambaya ce ta gaske, ba gori ba. Na ce, "Ciyawar ba za ta tashe shi ba, Yaya. Ka gani da idonka."

"Na gani. 'Ya'yan gawon fa?"

"Wataƙila."

"Ka san suna nan?"

Na ce kullum a kansu nake tafiya. Ina jin suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina idan zan je turke na talatin. Ba sa cikin abin da aka ce in ƙirga, don haka ban taɓa sunkuyawa na ɗauki ko ɗaya ba. Ni da na tashi a ƙauyen nan, na ga Baba yana tsinto wa tumakinmu su a aljihun rigarsa. Da na tuna, da na cika buhu ɗaya na gaya wa Dakta, kuma na san ba za ta hana ba.

Yaya ya daɗe yana kallon shanun. Sannan ya ce, "Ni ma ciyawar kawai na gani." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Tashi mu ƙarasa kafin ƙasa ta sha iska."

Ba mu sake tayar da maganar ba har yau. Ya koma yi mini magana kamar da, sai dai bai ƙara tsokanata da gadin ciyawa ba, kuma na fi son lokacin da yake yi. Bai sake haɗa shanu biyu nasa na kansa ba.

Dakta ta sha tambayoyi daga na sama, waɗanda ba su amsa takardarta ba lokacin da take jira. Kafin shekara ta zagayo aka mayar da ita wani wuri. Ranar da ta zo sallama muka zaga filin. Inda aka yanke gamba ta sake tohowa, har ta fi da kauri. Na ce mata ai ga shi ya dawo. Ta ce ya dawo, amma tambayar da aka kulle shi dominta ba za a iya amsa ta ba kuma, sai dai wani ya sake farawa daga ɗaya, kuma ba ta ga mai wannan haƙurin ba. Abin da ta bari shi ne tsari: a riƙa yankar ciyawa a ƙarshen damina tun tana da ɗanyen ganye a adana, a riƙa tsince 'ya'yan gawo da rani a raba, a bar kashi ɗayan da ya tsira a kulle. Waɗanda suka biyo bayanta sukan zo sau uku ko huɗu a shekara. Na ci gaba da tsugunawa a gindin turakun da suka rage ina cika takardu, ban san ko akwai mai karanta su ba.

Tsarin ya taimaki dabbobi, ba zan ce bai taimaka ba. Amma tun daga nan kowane rani rigima ce: unguwar gabas ta ce an fifita ta yamma, ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu su ce su ma wayar ta ci gonar kakanninsu, mai tumaki ya ce don me sai mai shanu. Duk a kaina take ƙarewa, don ni ake gani. Shekara goma na yi a haka kafin gwiwoyina su ƙi, na ajiye aiki.

Bana ma ruwa ya yi jinkiri. Tun makon jiya mutane suka fara sallama a ƙofar gidana bayan la'asar, wasu daga ƙauyukan da ban san kowa ba, wai in sa baki a saka su cikin rabo. Nakan gaya musu na bar aikin, ba ni da ta cewa a Cikin Waya yanzu. Sukan ce sun sani, su gyara zama a kan tabarma. Sai in leƙa cikin gida in ce a kawo musu ruwa.